Ƙwayar Rana da Jana'izar Sada

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta kuma ya saukar da magani. Ni ce Dije, matar marigayi Malam Ɗahiru na Ƙofar Sauri. Na daɗe ina riƙe da maganar nan a cikina, don duk sanda na buɗe baki sai a ce in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na sani, ba yau aka haife ni ba. Amma sanin kwana ya ƙare bai hana a nuna wa na baya inda ramin yake ba. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda jinyar Malam ta kasance, ko Allah zai sa wani ya tsira.

Abin ya faro ne a shekarun nan da kuɗi suka shigo ƙasa, naira tana sabuwa, kowane ma'aikaci ya sayi babur da rediyo, har masinjoji suna zancen zuwa Makka. Malam yana koyar da Arabiyya a firamare, kuma shi ne na'ibin limamin masallacin unguwarmu. Mutum ne na mutane. In ka ga bai dawo gida da wuri ba, to yana wurin suna, ko ɗaurin aure, ko gaisuwar mutuwa. Nakan ce masa da zumunci ana kai shi kasuwa, da tuni mun gina bene. Sai ya yi dariya ya ce in zuba masa tuwo.

Wani ɗan tabo ne ya fara fito masa a gwiwar hannu, fari-fari kamar an shafa alli. Muka ce kyasbi ne, na riƙa shafa masa man kaɗanya. Sai ya fito a ɗaya hannun, sai gwiwoyin ƙafa, sai cikin gashin kai. Da sanyi ya shigo kuwa, abin ya bazu kamar an zuba masa taki: baya, ƙirji, ƙwauri, ko'ina. Fatar ta yi kauri, ta yi ɓawo. In ya sosa sai ɓawon ya zubo kamar dusa, ƙarƙashinsa jawur, jini yana tsattsafowa. Kullum safiya sai na kakkaɓe shimfiɗa na share abin da ya zuba, in kai bayan gida in binne don kar yara su gani. Faratansa suka yi rami-rami. In ya sunkuya zai yi ruku'u sai fatar bayansa ta tsage, in ga jini ya ɓata taguwa.

Yayarsa, Yaya Abu, da ke aure a Batagarawa, ta zo da ƙullin saiwoyi a ka. Tana ganinsa ta riƙe haɓa ta ce, "Dije, wanga ba ciwon asibiti ba ne. Hannu aka sa mai." Muka yi wankan sabara, muka yi na ɓawon maɗaci, muka yi hayaƙi har ɗakin ya koma kamar madafa. Rubutu kuwa shi da kansa yake yi ya wanke ya sha. Wani ya ce ya bar kifi, wani ya ce naman akuya ne ke tada shi, wata ta ce man gyaɗa, wata ta ce nono. Da mun bi ta kowa, da iska kaɗai zai riƙa haɗiya. Ban raina su ba, kowa da zuciya ɗaya ya kawo nasa, amma ko kaɗan ciwon bai ja baya ba.

Muka koma asibitin gari. A yanki kati, a bi layi tun da hantsi har azahar ta gota, a shiga gaban likita ya dube ka daga inda yake zaune, ya rubuta. Suka ba mu wani baƙin man shafawa mai warin kwalta. Ya rage ƙaiƙayi, wannan gaskiya ne, amma ya ɓata mana duk zannuwan gado. Da suka ga abin ya ƙi, sai suka tura shi inda ake duba kutare a gwada shi. Can aka rufe masa ido ana taɓa tabon da auduga, ana tambayarsa ko yana ji. Yana ji sarai. Suka ce ba ita ba ce, ya tafi gida. Sai dai wani ɗan unguwarmu ya gan shi yana fitowa daga wurin, kuma wannan ganin ya fi duk abin da masu gwajin suka faɗa ƙarfi.

Mu Katsinawa ba mu faɗa maka a ido. Sai dai ka ga tabarma tana ƙara faɗi. Tun kafin a aure ni, magidantan layinmu a zauren gidanmu suke ciyayya bayan magariba, kowa ya fito da kwanonsa a haɗa hannu. Sai wannan ya ce yana da baƙi, wancan ya ce likita ya hana shi tuwon dare. In Malam ya miƙa hannu a gaisa, sai mutum ya yi wuf ya dafa ƙirjinsa daga nesa, ya ja gaisuwa doguwa, ina gajiya, ina iyali, ya jiki, Allah ya sawwaƙe, hannun nan dai yana kan ƙirji. A sahu aka fara bar masa fili dama da hagu. Ranar da Liman ya yi tafiya, kafin Malam ya gama ajiye takalmi an riga an tura wani gaba. Shugaban makarantarsu ya ce ya huta a gida tukuna, iyayen yara suna magana. Goron gayyata ma ya daina zuwa gidanmu.

Mutum ɗaya ne bai canja ba, amininsa Sada mai tireda a Ƙofar Kaura, wanda suka tashi tare tun suna yawo ba wando. Kullum bayan magariba sai ya zo da kwanonsa a bayan keke, ya zauna gwiwa da gwiwa da Malam. Ina jiyo shi daga cikin gida yana cewa, "Ɗahiru, ja hannun rigarka, kar ka zuba mani dusa cikin miya, ni ba tunkiya ba ne." Sai in ji Malam ya yi dariya, ita ke nan dariyarsa ta wannan rana. Allah ya saka wa Sada da Aljanna.

Wata rana ina shafa masa maganin kwaltar nan a baya, ya ce mini, "Dije, ƙaiƙayin ba shi ne ciwon ba." Na ci gaba da shafawa. Na san abin da yake nufi. Mutumin da ya saba a yi sallama da shi sau goma kafin azahar, ya wayi gari ba mai buga ƙofarsa. Wannan shi ke cinsa, kuma wallahi ni ma ya ci ni, har na daina zuwa biki don kar in gaya wa wata baƙar magana.

Da damina ta wuce aka ba mu takardar zuwa Zariya. Malam ya sayar da babur ɗinsa, na haɗa da kwallayena na aure. Ƙanena Lawal, direban motar haya ne, shi ya kai mu. Layin can ya ninka na gida, mun yini biyu a baranda kafin a kira mu. Likitan wani ɗan gajeren Ba'indiye ne mai furfura. Abin da ya fara yi shi ne ya kama hannun Malam da hannuwansa biyu, ba safar hannu ba komai, yana shafa tabon da yatsa. Na ga Malam ya kau da kai, idonsa ya kawo ruwa.

Wani nas ne yake mana tafinta. Ya ce sunan ciwon soriyasis, kuma ba a ɗaukarsa, ko a kwano ɗaya ko a shimfiɗa ɗaya. Ya ce a cikin jinin kowane mutum akwai wasu ƙwayoyi masu tsaron jiki, kamar dogarai. To na Malam ne suka ruɗe, suka taru a fatarsa suna faɗa ba abokin gaba, shi ne fatar take kumbura tana yin ɓawo. Ya ce akwai sabon magani da ke kwantar da su, amma ba ya aiki sai da haske. A ƙasashen Turawa akwati ne da fitilu ake shigar da mutum, su ma sun yi odar irinsa, yana cikin jirgin ruwa a Ikko ba a san ranar sauke shi ba. Likitan ya nuna taga ya yi murmushi, nas ya ce wai ya ce mu Allah ya ba mu rana kyauta.

Sai ya ɗauko ƙwayar, 'yar mitsitsiya, ya daina murmushi. Maganar da ya faɗa a nan har yau tana kunnena, don sai da ya sa nas ya maimaita, ya sa ni ma na maimaita: "Ƙwayar nan barci take yi cikin jini, sai rana ta taɓa fata take farkawa. In ta farka kaɗan magani ce. In ta farka da yawa wuta ce." Ya ce Malam ya sha bayan karin kumallo, ya jira ta ratsa jiki, ya tuɓe ya zauna a rana ɗan lokaci ƙanƙani, sannan ya shige ɗaki. Duk ranar da ya sha, kar ya sake yarda rana ta gan shi har ta faɗi. Ya sa baƙin tabarau, don tana iya cin ido. Ba kullum ake sha ba, ana tsallake rana. Ba zan yi wa bawan Allahn nan ƙarya ba, ya gaya mana komai.

Muka dawo gida muka kafa zana a kusurwar tsakar gida, bayan madafa. Ranar shan ƙwaya sai in tura yara gidan kakarsu, don ba ya yiwuwa su ga ubansu daga shi sai ɗan zane a ƙugu. Malam ya auna lokacin da likita ya ba shi da karatunsa, ya ga ya yi daidai da sumuni guda. Sai ya zauna kan kujerar tsugunno ya ja sumuni yana fuskantar rana, ya juya baya ya ja wani, ya tashi. Ni ina bakin zana da mayafi a hannu, yana kai aya ta ƙarshe in lulluɓe shi mu shige.

Makonnin farko ba abin da muka gani sai tashin zuciya da jiri. Yaya Abu ta zo ta tarar da shi a bayan zana, ta ce, "Mi ya kai mutum shanya kansa kamar kuɓewa? Ɗan'uwana za ku ƙarasa." Na ce mata Yaya, naki mun gwada, a bar mu mu gwada na Ba'indiye. Ba ta ji daɗi ba, ni ma ban damu ba. Can wajen wata na biyu na lura abin da nake sharewa da safe ya ragu. Ɓawon ya yi laushi, jan ya dushe, tsagewar baya ta daina. Muka koma Zariya, likita ya yi murna, ya ƙara yawan ƙwayar, ya ƙara lokacin. Sumuni ya koma rubu'i, rubu'i ya koma rabin izu. Kafin bazara ta kankama, jikin Malam ya yi sumul, sai baƙaƙen tabo kamar na tsohuwar ƙyanda. Na yi kuka ranar da na shafa bayansa na ji ba abin da ya kama mini hannu.

Na ce masa ya fita ya naɗe hannun riga a masallaci kowa ya gani. Ya ƙi. Ya ce ba shi ya daina zuwa ba, su suka daina kira, kuma ba zai kai kansa yana tallan fatarsa kamar ɗan koli ba. Malam yana da sanyin hali, amma in ya kafe, jaki ma ya san da zamansa. Sada kaɗai ya san ya warke. Shi kuma ya yi ta faɗa a gari, ana ce masa to, Allah ya ƙara sauƙi, ba wanda ya zo ya duba.

Ranar da abin ya faru, tsakiyar bazara ce, irin zafin nan da ƙadangare ma ke gudu a kan yatsu. Malam ya sha ƙwayarsa, ya yi zamansa a bayan zana, na lulluɓe shi mun shiga ɗaki ke nan sai muka ji sallama a zaure. Muryar manya ce, ba ta yara ba. Ya fita, na bi shi na tsaya a bayan ƙofa. Yayan Sada ne da Liman. Sada ya sayi sabon babur bai daɗe ba, da safen nan babbar mota ta buge shi a hanyar Jibiya, ko shurawa bai yi ba. An riga an yi masa wanka. Yayan nasa ya ce Sada ya sha faɗa a gaban iyalinsa cewa in ya riga Ɗahiru tafiya, Ɗahiru ne zai sa shi a kabari, don haka suka zo da kansu.

Malam ya shigo yana salati, ya jawo babbar riga. Na tsaya a bakin ƙofar ɗaki na tare. Na ce, "Malam, ka sha ƙwaya."

Ya ce, "Na sani."

Na ce ya bari sai rana ta yi sanyi ya je ya yi gaisuwa, ya yi masa addu'a daga nan, Allah yana ji. Na ce ya tuna abin da likita ya sa muka maimaita. Na kama hannun rigarsa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan. Ya dube ni, ba faɗa a fuskarsa, ya ce, "Dije, shekara guda ba wanda ya ce in zo. Yau an ce in zo, kuma Sada ne. In ce masu mi? In ce ina tsoron rana?"

Na miƙa masa laima. Ya ce wa ya taɓa bin gawa da laima kamar hakimi. Da ƙyar ya karɓi tabarau da rawani. Mace ba ta bin gawa, ba kuma ta ɗaga murya maza suna zaure. Ina tsaye ina ji suka fita.

Abin da ya faru a maƙabarta Lawal ne ya gaya mini, don yana wurin. Ya ce da suka isa ba a gama haƙa ba, masu haƙan sun ci karo da marmara, ga ƙasar bazara kamar dutse. Aka ajiye makara aka jira. Bishiya ɗaya ce a kusa, jama'a suka cushe a inuwarta. Malam kuwa, da ya saba shekara guda yana ba mutane fili, sai ya ja gefe ya tsaya shi kaɗai a rana. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya ce matso. Tabarau tun a hanya ya cire ya sa aljihu, wai kar a ce yana yanga a gaban gawa.

Da aka gama haƙa, rana tana tsaka, Liman ya kira sunansa. Mai shiga kabari ba ya shiga da babbar riga. Malam ya cire rawani, ya cire riga, ya cire taguwa, daga shi sai singileti da wando. Lawal ya ce sai kowa ya tsaya yana kallon damatsansa da wuyansa, ba ɓawo ba gyambo. Ya sauka ya karɓi Sada ya kwantar da shi, ya jera itace, ya tsaya yana karɓar ɗanyar laka yana toshe kafofi ɗaya bayan ɗaya, bai yarda kowa ya karɓe shi ba har aka gama. Da ya fito, Liman ne ya fara miƙa masa hannu. Sai jama'a suka biyo baya, har da waɗanda suka ce likita ya hana su tuwon dare. Daga nan aka wuce ƙofar gidan su Sada zaman makoki, aka matsa masa a tabarma, rumfar ba ta kai inda yake ba, ya zauna har la'asar.

Ya dawo gida idonsa jawur don kuka, amma rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun kafin ciwon. Yana ta lissafa mini wanda ya gaisa da shi da wanda ya riƙe hannunsa bai saki ba. Na duba jikinsa, ɗumi kawai na ji. Ya ce, ga shi nan, ba abin da ya same shi. Na yi hamdala, na ce ko Ba'indiye ya cika tsoro ne.

To wannan shi ne abin da nake so kowa ya sani: ƙunar ƙwayar nan ba a ranar take fitowa ba. Washegari ya tashi fatarsa tana raɗaɗi, ba ya son riga ta taɓa shi. A kwana na biyu fuska ta kumbura, idanu suka rufe suna zubar da ruwa, bororo ya taso a kafaɗu da wuya da hannuwa da tsakiyar kai, wasu kamar ƙwan kaza. Har ta cikin singiletin ta ci shi. Na ce a tafi asibiti. Ya ce a bari a yi sadakar uku tukuna, kar a ce daga zuwa jana'iza ya kwanta, mutane su sake wata magana. Yaya Abu ta iso. Ina madafa ina dama masa kunu, kafin in fito ta farfasa bororon da allura ta manna masa gashin zomo da ɗanyen ƙwai, wai haka ake wa ƙuna tun kakanni. Na saki kwanon kunun a ƙasa. Abin da na gaya mata ranar nan ba zan rubuta shi ba, mun yi shekaru ba ma gaisawa.

Da zazzaɓi ya rufe shi yana rawar ɗari cikin wannan zafi, ban sake neman izinin kowa ba. Na aika aka kira Lawal, muka naɗe shi a zanen gado muka sa a mota. A asibiti suka tambaye ni wace irin wuta ce. Na ce rana ce. Wani matashin likita ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi Lawal a gefe ko mun yi faɗa ne na watsa masa tafasasshen ruwa. Ni Dije! Na fito da kwalbar ƙwayar na dangwara masa a tebur. Ya jujjuya ta, ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Aka yi ta neman Zariya a waya, layi ba ya shiga. Da Lawal ya je da kansa, sai aka ce Ba'indiyen ya tafi hutu ƙasarsu.

Ba zan ce ba su yi ƙoƙari ba. Akwai wata nas, Kirista ce daga kudu, ita ta zauna da ɗan hantsaki tana tsince gashin zomon nan ɗaya-ɗaya, tana ba shi haƙuri da gurguwar Hausarta, tana share hawayenta da kafaɗa. Allah ya saka mata. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka shafe shi da shuɗin magani, aka naɗe hannuwansa da bandeji har kan yatsu, aka kifa masa wani keji na ƙarfe don kar mayafi ya taɓa shi. Allurar da suke so ba ta a asibiti, sai Lawal ya nemo a kantin magani a Kano. Ƙasa cike da kuɗi, ana ta gina titi, amma mai jinya shi ke sayen auduga.

Makon farko muka sa rai. Na biyu gyambon ya fara ruwa, ya fara wari, ina zaune da mafici ina korar ƙuda tun safe har yamma. Fatar kafaɗarsa takan biyo bandeji in an zo canjawa. Mutum mai haƙuri irin Malam, sai ga shi yana kiran sunan mahaifiyarsa da ta rasu tun yana saurayi. Idon dama bai sake buɗewa ba.

Masu dubiya kuwa, sai ka ce an yi shela. Duk unguwa ta zo, da kwanonin abinci da lemo, har nas tana korarsu. Shugaban makaranta ya zo ya ce kujerarsa tana jiransa. Liman ya zo ya tsaya a kansa, ya miƙa hannu zai riƙe nasa, ya rasa inda zai kama, ya mayar da hannun ya dafa ƙarfen gado. Ina gefe ina amsa gaisuwa, ina cewa mun gode, Allah ya ba da lada. A zuciyata kuwa ina cewa ina kuke lokacin da kwano ɗaya na tuwo zai ishe shi.

Wata la'asar hankalinsa ya dawo, ya ce in matso. Na kasa riƙe bakina, na ce, "Malam, ka ga abin da ka ja mana? Ka warke fa. Ka warke ka je ka ƙona kanka saboda mutanen da ba su damu da kai ba."

Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, "Da kin ga yadda suka matsa mani a tabarma, Dije."

Ita ce magana ta ƙarshe da na fahimta daga bakinsa. Bayan nan sai sambatu da salati. Ya cika ranar wata Laraba da hantsi, ina ɗiga masa ruwa a leɓe da auduga.

Ga wanda aka ba irin maganin nan, ko ɗansa, ko mijinta, ina roƙonku da Allah: magani ne na gaske, na ga aikinsa da idona, kuma har gobe ina gode wa wanda ya ba mu. Amma ranar da aka sha shi ba suna, ba ɗaurin aure, ba jana'iza, ko ta uwa ce. In ba za ka iya cewa a'a ba, to a kulle ka ta waje. Kar a ga an yini lafiya a ce an tsira. In ƙuna ta fito kar a sa mata komai, a tafi asibiti da kwalbar a hannu. Ku kuma maƙwabta, in kuna ƙyamar mutum ku tambayi likita tukuna. In kun tashi dawowa gare shi, ku tambaye shi ko yau zai iya fita.

Da aka kawo shi gida, Liman ya duba jikin ya ce ba za a cuɗa ba, fatar ba za ta ɗauka ba, a zuba ruwa kawai. Na ce ni zan yi, shari'a ta ba ni. Aka yi ɗan gunaguni a zaure, Liman ya ce a bar ni. Na shiga da buta, Lawal yana taya ni juyawa. Muka warware bandejin hannuwan a hankali, bayan hannun duk ya saɓule. Da na juya tafin sai na gan shi fes, ba ƙuna ba tabo, da ɗan baƙin tawada a gefen yatsa. Nan ne kaɗai rana ba ta ci ba. Sai a lokacin na tuna, tun farkon ciwon har ƙarshensa ko ƙwayar ɓawo ɗaya ba ta taɓa fitowa a tafin hannunsa ba.

Na riƙe shi na daɗe. Ina jiyo zaure ya cika har waje, ana ta matsa wa juna, ana jiran a ɗauki makara. Na ce wa Lawal ya fita ya gaya musu, duk mai son gaisawa da Malam ya shigo, hannun lafiyarsa lau. Lawal bai tafi ba. Ya durƙusa ya karɓi hannun daga nawa, ya riƙe da nasa biyu, yana kuka.

Allah ya jiƙan Malam, ya haɗa shi da Sada a inuwa.